Babi na Biyar: Yaron da Aka Ce Ya Girma

Ranar suna gida ya cika maƙil. Mai jego na zaune a bakin gado cikin sabon leshi, mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta karɓi jariri ta sa masa albarka ta miƙa wa ta kusa da ita. A bayan ƙyaure akwai yarinya 'yar shekara bakwai, yayar jaririn, ta cusa babban yatsa a baki. Rabon da a ga ta tsotsi yatsa tun kafin a sa ta makaranta. Can sai ta lallaɓo ta raɓi uwar, ta kwantar da kai a cinyarta, ta ce da wata 'yar murya irin ta mai koyon magana, "Umma, ni ma a goya ni." Ɗaki ya kwashe da dariya. Wata goggo ta ce, "Ke, ƙatuwa da ke! Tashi ki ba mutane wuri, ai kin girma, yanzu ke yaya ce." Uwar ta ture kan a hankali saboda idon jama'a, yarinyar ta fice. Da daddare ta jiƙa shimfiɗa, abin da ta bari tun shekara uku da suka wuce.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya ga irin wannan, in ma ba shi aka yi wa ba. Sunayen abin a wurinmu suna da yawa: shagwaɓa, taɓara, sangarta, kishin ƙani. Maganin da muka gada shi ne tsawa da gori a gaban mutane, in ta kama a haɗa da bulala. Hujjarmu kuwa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in aka biye wa yaro yau, gobe ya fi ƙarfin kowa. Ni a ganina a nan mun yi wa yara gurguwar fahimta, kuma kuskuren yana da tsada. Yaron da ake kora duk sa'ad da ya zo neman lallashi, wata rana zai daina zuwa, kuma ba zai dawo ba ko a ranar da iyayen za su fi kowa son ya zo ya faɗa musu abin da ke cin sa.

Girman yaro ba ya tafiya a miƙe. Riƙe fitsari har safe, kwana shi kaɗai, haɗiye kuka, haƙura a ba ƙani kafin a ba shi, duk da ƙoƙari yake yin su, ko da mu manya ba ma ganin ƙoƙarin. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya danne zuciya ya auna abu kafin ya aikata, shi ne na ƙarshen kammaluwa, ba ya gama ginuwa sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka idan gajiya ta zo, ko yunwa, ko zazzaɓi, ko tsoro, abin da aka koya daga baya shi ke fara zubewa, yaro ya koma ga abin da ya fi daɗewa da sani, wato jikin uwa da muryarta. Mu ma manya ba mu tsira ba. Dattijo mai furfura idan ciwo ya kai masa karo, "wayyo Inna" ke fita daga bakinsa, ko da Innar ta shekara talatin a ƙasa.

A garin Kambirij na Ingila wasu masu bincike biyu, Judy Dunn da Carol Kendrick, sun bi iyalai 40 tun ana goyon cikin ɗa na biyu har bayan haihuwa, suka buga abin da suka gani a 1982. 'Yan farin nasu ƙanana ne, ba su kai yarinyar ranar suna ba, amma halin iri ɗaya ne. Mafi yawansu rigima ta ƙaru, wasu suka dinga manne wa uwa, wasu barci ya lalace, wasu suka koma ɓata wando. Abin da ya fi jan hankalina shi ne da yawa daga cikin yaran nan, a cikin makonnin nan dai, sun kuma nuna sabon wayo: wannan ya nace shi zai ci abinci da kansa, waccan ta ce ita za ta sa rigarta. Komawa baya da matsawa gaba tare suka zo, a jikin yaro ɗaya.

Dalilin haka wata Ba'amurkiya mai suna Mary Ainsworth ta fara ganin sa ƙarara, kuma a nan Afirka ta gan shi. A 1954 ta je Yuganda, ta ji labarin cewa mutanen Baganda kan kai yaro wurin dangi idan za a yaye shi, kamar yadda mu ma muke kai shi gidan kaka. Ta shiga ƙauyukan da ke kewayen Kamfala tana ziyartar iyalai 26, tana zama tana kallon uwa da ɗanta wata da watanni. Ta lura cewa yaron da ya tabbata uwarsa na nan, kuma in ya zo za ta karɓe shi, shi ne ke rarrafawa ya yi nisa, ya taɓa wannan ya leƙa wancan, ya waiwayo ya gan ta, ya dawo ya taɓa ta, ya sake fita. Wanda ba shi da wannan tabbaci shi ke maƙale a zani yana ƙananan koke-koke, ba wasa ba sakewa. Littafinta a kan yaran Yuganda ya fito a 1967, kuma tare da aikin likitan nan na Ingila John Bowlby, shi ne tushen abin da masana ke koyarwa yau game da shaƙuwar yaro da mai renonsa. Abin da ke ƙaruwa da shekaru shi ne nisan da yaro ke yi da daɗewar da yake yi kafin ya dawo. Ɗan shekara ɗaya yana dawowa bayan minti biyar, ɗan shekara goma bayan yini guda a makaranta, ɗan sha biyar wataƙila sai bayan zango guda. Dawowar kanta tana nan.

Yaƙin Duniya na Biyu ya nuna abin da ke faruwa idan aka yanke wannan hanya. A farkon Satumba na 1939, cikin 'yan kwanaki, gwamnatin Birtaniya ta kwashe mutum kusan miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane zuwa ƙauyuka don gudun bama-baman Jamus, mafi yawansu yara, da yawa kuma 'yan makaranta ne da aka tura ba tare da iyayensu ba. Ɗaya daga cikin manyan koke-koken masu masaukinsu shi ne fitsarin kwance, har daga yaran da suka daɗe da bari. Anna Freud da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham, waɗanda suka riƙe gidajen renon yaran yaƙi a unguwar Hamsted ta Landan, sun rubuta a 1943 cewa ƙananan yaran da suka kwana cikin ruwan bama-bamai kusa da uwa mai natsuwa sun fi samun sauƙin al'amarin a kan waɗanda aka raba da iyayensu aka kai inda babu ko ƙarar bindiga.

Akwai kuma wani gwaji da ya shafi manyan yara kai tsaye. A 2010, a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, aka ɗauki 'yan mata 61 masu shekara 7 zuwa 12, aka tsayar da kowacce a gaban baƙin fuska ta yi jawabi ta kuma yi lissafi da ka, abin da ke tayar da hankalin ko babba. Da aka gama sai aka kasa su uku. Kashi na farko uwa ta shigo ta rungume su. Na biyu aka ba su waya suka ji muryar uwa. Na uku aka kunna musu wani fim kawai. Da aka auna, sai aka ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki lokacin fargaba, ya sauka da wuri a jikin kashi biyun farko, sinadarin oksitosin mai kawo natsuwa da shaƙuwa kuma ya hau. Na ukun nasu ya daɗe bai sauka ba. Muryar uwa a waya ta yi aiki kusan daidai da rungumarta. Duk uwar da ke da ɗa a makarantar kwana ko a gidan riƙo, ya kamata ta riƙe wannan.

Mai karatu zai iya cewa, to ai kakanninmu ba su san Ainsworth ba, kuma sun reni jarumai. Haka ne. Amma a duba irin gidan da suka yi renon a ciki. Ɗauki kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ma in ya faɗi ya fasa baki sai ta kawar da kai ta jira wani ya ɗauke shi. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta yi bayanin wannan kunya da yadda ake ba da 'ya'ya riƙo bayan yaye. Sai dai wanin nan da uwa ke jira ya ɗauki yaron, kullum akwai shi a tsakar gida. Ga kaka, mai kiran jikanta "maigidana" ko "kishiyata", mai ɓoye masa ƙanzo da ƙuli-ƙuli a cikin kwalla, wadda ɗakinta bulala ba ta shiga. Ga goggo, ga matar baffa, ga abokiyar zaman uwa wadda sau da yawa ita ce ma mai riƙon ɗan farin. Yaro ɗan shekara tara zai kwana a bayan kakarsa, ba mai ce masa ƙato. Al'adar da ta ɗaure hannun uwa ita ce kuma ta tanadi masu yi a madadinta, shi ya sa yaron bai rasa inda zai kai kukansa ba.

Yanzu fa? Ma'aikaci ya kama hayar ciki biyu da falo a Kano ko Kaduna ko Abuja, daga shi sai matarsa sai 'ya'ya, gida da katanga da ƙofar ƙarfe. Kaka na can garinsu, sai dai a gaisa ta waya ranar Juma'a. Kunyar ta biyo mu birni, kakar ba ta biyo mu ba. Uwa tana nan tana kawar da kai kamar yadda ta ga an yi a gidansu, amma babu kowa a tsakar gidan da zai ɗauki yaron. A kan haka kuma aka ɗora wa ɗan fari wani nauyin: tun yana shekara shida ake ce masa "kai ne babba", komai aka raba shi zai haƙura, kowa ya yi laifi shi za a tambaya. 'Ya mace kuwa tana shekara bakwai an ɗaura mata ƙani a baya, ita da har yanzu take marmarin a goya ta. Ban ce a zubar da kunya ba, domin tana da kyawunta, kuma uwa ba sai ta kama suna za ta iya jawo ɗanta jikinta a cikin ɗaki ba. Abin da nake cewa shi ne aikin da kaka ke yi bai kamata ya faɗi ƙasa don kaka ba ta nan ba. Dole wani a cikin iyayen biyu ya ɗauka.

'Ya'ya maza sun fi shan wannan rashi. A da, da an yi wa yaro kaciya cikin hunturu, wajen shekara bakwai, ya fara barin ɗakin uwa ke nan, kuma daga ranar zai dinga jin cewa namiji ba ya kuka. Wanda aka kai almajiranci wani gari a irin wannan shekaru, rabuwar tasa ta fi tsanani. Matan birni sun san almajirin da ake zuba wa abinci ya cinye, amma ya ƙi tafiya, ya ɗauki tsintsiya ba a sa shi ba, ya tambaya ko akwai aike, har wata rana a ji ya fara cewa "Mama". Ba tuwo kaɗai ya kawo shi gidan ba. Haka ɗan aji ɗaya na sakandaren kwana da ya dawo hutun farko. Uwa na tuƙa tuwo, sai ya zo ya kife turmi ya zauna kusa da ita, ba ya cewa komai, yana wasa da ludayi, yana tsintar ƙwayar wake a ƙasa. Wata uku ya yi yana ɗebo wa manyan ɗalibai ruwa, yana haɗiye hawaye cikin bargo don kada a ji. Abin da ya iya nema ke nan, domin ya wuce ya ce a goya shi. Sau da yawa amsar da yake samu ita ce, "Kai, tashi ka fita waje, me kake yi cikin mata?"

Masu ganin taurin fuska ga 'ya'ya shi ne tarbiyyar addini, su koma ga hadisai. Buhari da Muslim sun kawo labarin Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da ya samu ta nuna masa cewa abin da yake taƙama da shi ƙarancin jinƙai ne. Wannan kuma bai tsaya ga ƙananan yara ba. Nana Faɗima tana matar aure da 'ya'yanta, amma in ta shigo wurin mahaifinta yakan miƙe ya tarbe ta, ya kama hannunta, ya sumbace ta, ya zaunar da ita a mazauninsa. Sayyidina Abubakar ma an ruwaito ya shiga ya tarar da Nana A'isha kwance da zazzaɓi a Madina, ya sumbaci kuncinta ya tambayi jikinta. Iyaye maza ne duka biyun, kuma 'ya'yan ba jarirai ba ne.

Tsoron sangarta ba tsoron banza ba ne, akwai yaran da aka lalata da biye musu. Amma abin da ke sangarta yaro shi ne a janye doka don ya yi kuka: an ce ba za a sayi abu ba, ya yi birgima, aka saya, an ce ya je Islamiyya, ya ɓata rai, aka ce ya zauna. Lallashi daban ne. Uwa za ta iya rungume ɗanta ta bar shi ya yi kukansa ya ƙoshi, ta share masa fuska, sa'an nan ta ce, "To, ɗauki allonka, ka makara." Dokar na nan, yaron kuma ya tafi da sanyin zuciya. Wanda ya koma maganar jarirai, ba sai an kwaikwaye shi ana dariya ba, ba kuma sai an yi masa tsawa ba. A amsa masa da magana irin ta kullum, a jawo shi kusa, yawanci cikin 'yan makonni abin ke wucewa da kansa. Ya fi sauƙi ma idan aka riga shi: mai jego ta miƙa jariri ga wani na ɗan lokaci ta kira babbar ta tsefe mata kai, uba ya ɗauki babban shi kaɗai a babur su je masallaci ko kasuwa. Yaron da ke samu ba tare da ya roƙa ba, ba ya buƙatar ya zama jariri kafin a kula shi. Manyan yara kuma a kiyaye musu sirri. Ɗan shekara goma sha biyu da ya zo ɗakin uwa tsakar dare don ya yi mugun mafarki, kada gari ya waye a mayar da shi labari a gaban ƙannensa.

Fitsarin kwance shi ne inda muka fi zaluntar yara, don haka zan ɗan tsaya a kansa. A cikin yara 100 masu shekara 5, kusan 15 suna yi. A shekara 10 saura kusan 5, kuma ana samun ɗaya ko biyu har cikin 'yan shekara 15. Yana bin jini, sau da yawa in aka bincika uba ko uwa ko kawu ya yi. Yaron barci yake, bai san ya yi ba, balle a ce ganganci ne. Ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, ko ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, ko tara yaran unguwa su bi shi suna kiran sa amalala, ba ya ƙara masa komai sai fargaba, fargaba kuma tana cikin abubuwan da ke kawo fitsarin. Wanda ya bari ya kai wata shida ko fiye sannan ya dawo, shi ne ya fi buƙatar a duba. Wani lokaci sabon ƙani ne, ko tashi daga gida, ko rigimar iyaye, ko saki, ko mutuwa. Wani lokaci kuwa ciwo ne: ƙwayoyin cuta a mafitsara, taurin bayan gida, ko ciwon suga, musamman in ana ganin yawan ƙishirwa da rama. Masu sikila ma, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, fitsarin kwance ya yawaita a cikinsu, saboda ƙodarsu ba ta iya tsuke fitsari yadda ya kamata. Da yawansu an sha dukansu a kan abin da ciwonsu ne ya jawo.

Akwai kuma komawa bayan da ke nufin wani mugun abu ya sami yaro. Idan rana ɗaya ya tsiri tsoron wani mutum, ko ya ƙi zuwa aike wani shago da ya saba zuwa, ko ya ƙi makaranta da kuka mai tsanani, a kira shi gefe a tambaye shi cikin taushin murya, kuma a gaskata shi kafin a fara kare kowa. Yaran da suka ga hari ko suka shiga hannun 'yan bindiga, irin ɗaliban Ƙanƙara a 2020, da na Jangebe a 2021, da na Kuriga a 2024, da dubban da ba a ji sunan ƙauyukansu a rediyo ba, ba abin mamaki ba ne a ga saurayi a cikinsu ya kasa kwana sai a ɗakin iyayensa, ko budurwa tana bin uwarta har bakin banɗaki. A bar su su raɓa, kada a ƙirga musu kwana. Idan makonni suka wuce abin na ƙaruwa, yaro ba ya ci, ba ya barci, yana firgita, ya daina magana ko ya daina wasa da tsaransa, to lallashin gida kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da likita. A fara da asibiti mafi kusa. Akwai kuma asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Wanda zai kai yaron ya tafi da amsar tambayoyin da za a yi masa: yaushe abin ya fara, me ya sauya a gida ko a makaranta a daidai lokacin, yaya cinsa da shansa da fitsarinsa, kuma wa yaron ya fi sakewa da shi, domin a wurin wannan mutumin likita zai fi samun labarin.